Abin da Ya Ɗauko Daga Jikinta

Tela ake ce mata a layin, ko da yake ba ita kaɗai ke ɗinki ba. Ita ce dai mai keke a barandar gida, ita ce kuma bakinta ba ya hutawa, sai sunan ya zauna a kanta. Mijinta faci yake yi. Rumfarsa tana jingine da katangar gidan, tsofaffin tayoyi kuwa ya jibge su a baya har sun kusa kai tagar ɗakinsu, wai wata rana za a zo saye. Ba wanda ya zo. Ruwan sama ne kawai yake zuwa ya kwanta a cikinsu.

Ɗansu ɗaya, bai cika wata tara ba. Inna, uwar Mai Faci, ita ta laƙaba masa Lukuti, don cinyoyinsa sun yi ninki-ninki, sai an buɗa ake wanke tsakani. Yaron bai san komai a duniya ba sai nono. Tela tana taka keke yana manne a ƙirjinta, hannunsa ɗaya yana jan tef ɗin awo da ke wuyanta. Idan ya ƙoshi ta shimfiɗa masa zane a tabarma kusa da ƙafarta, daga shi sai ɗan kamfai, ya yi ta barcinsa cikin ƙyallaye.

Da ruwa ya yi yawa a shekarar, zazzaɓin nan da likitoci ke kira denge ya sake shigowa layin. Tela ta san shi farin sani. Kafin ta samu cikin Lukuti ya taɓa kayar da ita, gaɓoɓinta kamar ana sara, bayan idanunta na zogi, ta tashi duk ta zabge. Tun daga nan take ba da labarinsa kamar wadda ta je yaƙi ta dawo. Kuma a wajen awon ciki an taɓa gaya musu cewa uwa tana ba ɗanta garkuwar jikinta tun yana ciki. Tela ba ta manta maganar da ta yi mata daɗi.

"Ki rufa wa yaron nan ƙafa," in ji Inna wata rana da hantsi. "Sauron nan mai zanen fari, da rana tsaka yake cizo. Yanzu na kashe ɗaya a hannuna."

"Haba Inna, ai wannan jinina ne a jikinsa. Ni da cutar nan mun riga mun gama. Sauron da ya cije shi, shi ne zai kwanta asibiti."

Mai Faci ya tuntsire da dariya daga rumfa, yana tsoma tub a bokitin ruwa yana neman inda ya huje. Inna ta taɓe baki ta ja zanen ta rufa wa yaron da kanta, shi kuma ya sa ƙafa ya ture. A gaskiya ba za a ce Tela ba ta kula ba. Cikin gidan sauro yake kwana kullum, ko rami ɗaya ta gani sai ta ɗinke. Kowa ya taso ya ga sauro da dare yake aikinsa, ita ma haka ta taso.

Bayan 'yan kwanaki, da safe Lukuti ya tashi jikinsa kamar dutsen guga. Suka karɓo maganin zazzaɓi na ruwa a kemis, ta riƙa goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Kwanaki ya yi haka, yana kuka, yana kama nono yana saki. Sai rannan zafin ya sauka gaba ɗaya. Inna ta yi hamdala, Mai Faci ya buɗe rumfa yana fito, Tela ta koma kan keke don akwai rigar da ta yi wa mai ita alkawari har sau biyu. Gidan ya yi daɗi a safiyar nan, kuma babu wanda ya yi laifi da ya ji daɗin.

Bayan azahar ta sunkuya ɗaukar almakashi, bayan hannunta ya gogi tafin ƙafar yaron. Sanyi ƙalau. Ta taɓa hannunsa, shi ma haka. Idanunsa a buɗe amma ba ita yake kallo ba, cikinsa ya ɗaure tamau, inda robar kamfai ta kwanta a cinyarsa duk jajayen ɗigo. Da ta ɗaga shi ya yi amai, a cikin aman akwai zare-zare masu launin ƙasa. Ba ta tuna yadda suka isa asibiti ba, ta dai tuna Mai Faci ya shiga mota da man taya har gwiwar hannu.

Ɗakin yara dogo ne, gadaje masu ƙarfe a gefe, fanka ɗaya tana juyawa kamar ba ta so. Jijiya ta ƙi samuwa a hannu, sai a ƙafa aka samu aka ɗaura ledar ruwa. Wata nas mai faɗin kafaɗa, wadda kowa ke ce wa Sista, ita ta naɗe ƙafar da filasta, ta ɗebi jini kaɗan ta aika. Can sai ga Likita, mace ce gajera, tabarau rataye a wuya, idanunta sun nuna ta daɗe a tsaye. Ta danna cikin yaron, ta matsa farcensa ta saki ta tsaya kallon yadda jini ke dawowa.

"Yaushe zafin ya sauka?"

"Yau da safe, Likita. Mun ɗauka sauƙi ne."

"Kowa haka yake ɗauka. A wannan cutar, lokacin da zafi ya sauka ne muke tsoro. Jijiyoyinsa ne suke yoyo, ruwan jini yana fita yana taruwa a ciki. Shi ya sa ƙafarsa ta yi sanyi." Ta ɗago ta dubi Tela. "Ke kin taɓa yin irin wannan zazzaɓin?"

"Na yi, kafin cikinsa." Har yanzu da ɗan alfahari a muryarta, don ba ta san wata hanyar faɗin maganar ba. "Shi ya sa ma na yi mamaki. An ce in uwa ta yi, ɗan ya samu kariya."

Likita ta jawo kujera ta zauna, abin da bai yi wa Tela daɗi ba, don likitan da ke da labari mai kyau a tsaye yake faɗa.

"Ya samu, ba ƙarya aka gaya miki ba. Da kika yi ciwon, jikinki ya haɗa abin da zai gane ƙwayar ya kama ta. Wannan abin ya bi ta cibiya ya shiga jinin yaron yana ciki. Watanninsa na farko shi ya tsare shi. Amma aro ne, ba nasa ba ne, kullum raguwa yake yi. To akwai lokacin da ya ragu amma bai ƙare ba, kusan waɗannan watannin nasa. Kamar maigadi ne da ya tsufa, ya gane ɓarawo, ya cafki rigarsa, amma ba shi da ƙarfin kayar da shi, sai ɓarawon ya ja shi har cikin gida, ƙofa kuma ta buɗe musu don ta san maigadin. Ƙwayar sai ta samu shiga inda da ƙyar za ta shiga ita kaɗai. Shi ya sa wani lokaci ciwon yake fin tsanani a jarirai irinsa. Ba kowane yaro ba, amma muna gani."

"Wato da ban taɓa yi ba..."

"Kar ki bi ta nan. Ba laifinki ba ne, ba abin da kika zaɓa ba ne. Yanzu aikinmu mu riƙe shi da ruwa har yoyon ya tsaya. In ya farfaɗo ya nemi nono, ki ba shi."

Tela ta ce to. Ta ji kowace kalma, ta kuma gane, ba mace ce mai wuyar ganewa ba. Ta jira hankalinta ya tashi, bai tashi ba. Ta nemi kuka ta rasa. Abin da ta ji kawai shi ne tef ɗin awo yana nan a wuyanta, ta cire shi ta naɗe a yatsa tsaf ta sa a jaka. Inna tana ta jan carbi, Mai Faci ya fita neman sabulun wanke hannu. Ita ta zauna tana kallon ruwan yana ɗiga, tana mamakin yadda aka yi kalmasar labulen da ke gefen gadon a karkace.

Washegari da hantsi Lukuti ya buɗe ido. Ya juya kai a hankali, ya buɗe baki yana lalube a iska. Sista tana wucewa da tire ta gani.

"A'a, ga mutumin ya tashi yana neman haƙƙinsa. Maman yaro, ɗauke shi a hankali, ki kula da ƙafar. Ba shi ya ɗan ja."

Tela ta ɗauke shi. Ya yi nauyi, irin nauyin da ba na ƙiba ba. Hannunta ya kai kan zif ɗin rigarta, sai ya tsaya. Tun jiya take wani lissafi ita kaɗai, irin na mai ɗinki da ta saba auna abu kafin ta yanka. Abin nan a jininta yake. Nono kuwa daga ina yake zuwa in ba daga jini ba? Ta riga ta ba shi sau ɗaya, ga inda ya kai shi. Likita ta ce ta ba shi, gaskiya ne, amma ai wata ma'aikaciyar ce ma ta ce mata garkuwa ce, kuma ita ma ba ƙarya ta yi ba. Ba tsoro take ji ba. Ta dai daina yarda da duk abin da zai fito daga jikinta.

Ta ja mayafi ta rufe shi da ƙirjinta, zif a rufe. Duk wanda ya kalle ta zai ce shayarwa take yi. A ƙarƙashin mayafin yana goga fuska a jikin rigar, yana kama yadin da baki yana saki. Ya yi wani ɗan kuka da bai fi na kyanwa ba, ya gaji ya yi shiru.

"Ya sha?" in ji Inna.

"Ya sha kaɗan."

"Alhamdu lillahi. Yaron da ya karɓi nono ai ya dawo."

Ta kwantar da shi, ta ce za ta kewaya. A banɗaki ta tsaya gaban wurin wanke hannu ta tatse duka biyun, don sun yi tauri har hammata. Ta kunna famfo ta kalli farin ruwan yana bin ramin. Wata mata tana ƙwanƙwasa ƙofa tana mita, Tela ta wanke hannu ta fito ta ce mata sannu.

Haka ta yi da azahar ma. A wannan karon bai lalubi iska ba, ita ya kalla, kai tsaye, da idanun da suka kumbura. Ya ɗaga hannu ya kama bakin rigarta ya ja, yadda yake yi a gida in ta tsaya surutu da masu kawo ɗinki. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗebo ruwan gishiri da sukari da Sista ta ajiye, ta kai masa a cokali. Ya kau da kai, ruwan ya bi kumatunsa ya shiga kunne. Ta goge da gefen mayafi. Ya ci gaba da kallonta har barci ya ɗauke shi, ita ma ta kalle shi, kuma har a lokacin ba ta ji komai ba.

Mai Faci ne ya gano. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana neman inda abu ke yoyo, ba ya magana da yawa amma idonsa ba ya wuce jiƙaƙƙen wuri. Ya dawo da la'asar da abinci a kwano, ya dube ta, ya ce ta zo waje. Suka tsaya a baranda kusa da wata tsohuwar kujerar guragu da aka jingine.

"Maman Lukuti, rigarki ta jiƙe har ciki."

Ta duba. Haka ne.

"In yana sha, ba ta jiƙewa haka. Ba ki ba shi ba, ko?"

"Ban ba shi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka zo."

Ta yi zaton zai yi faɗa, ta ma so ya yi, ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Bai yi ba. Ya shafa kansa, ya kalli ƙasa.

"Saboda maganar Likita?"

"Ka ji ai abin da ta ce. Daga jikina ya ɗauko. In ƙara masa?"

"Ni ban san wannan ba. Ni tayoyin nan nake ta gani tun jiya, ko ido na rufe." Ya ɗago ya dube ta. "Amma ki je ki tambaye ta mana. Ke da ba kya barin magana ta kwana, yau kuma tambaya ɗaya ta gagare ki?"

Ta tafi, ba don ta yarda ba, sai don an ce ta je. Ofishin Likita yana can ƙarshen wani dogon lungu, an wuce ɗakin gwaji da wurin karɓar magani. Akwai mutane a benci, ta zauna a ƙarshe. Da a ce Telar da aka sani ce, da tuni ta kutsa ta ce ɗanta na kwance. Wannan ta zauna ta bi layi. Ta kalli rigar matar da ke gabanta, ta ga an sa hannun a baibai, ta yi tunanin yadda za a gyara. Benci ya yi ta raguwa har aka zo kanta.

Likita ta ɗago, ta gane ta. "Lafiya? Ya jikin nasa?"

"Yana barci. Tambaya ce da ni, Likita. Abin nan da kika ce ya ɗauko daga jikina. Yana cikin nono?"

Likita ta ajiye biro. Ta kalli rigar, ta kalli fuskar.

"Ba ki shayar da shi ba."

"A'a."

"Ya nema?"

"Ya nema."

"Baiwar Allah." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Ta cibiya ya samu, tun yana ciki, an gama wannan tun ranar da aka yanke ta. Nonon ba ruwansa. Nonon nan alheri ne gare shi, ko bai ja da yawa ba, ko riƙewa kawai ya yi a baki. Kuma ki ji ni da kyau, rashinsa na yini ɗaya ba shi zai canza ciwon ba, ruwan da muke ba shi yana aiki. Amma ki je ki ba shi. Yanzu."

Tela ta ce to, ta miƙe. Kafin ta kai ƙofa wata ƙaramar nas ta leƙo tana haki, ta raɗa wa Likita magana. Likita ta ture kujera ta fita da gudu-gudu, tabarau na dukan ƙirjinta. Tela ta matsa gefe ta ba ta hanya. Asibiti ne, yara da yawa ne a kwance, ba ta kawo komai a ranta ba. Ta bi lungun a hankali, ta wuce wurin magani, ta wuce ɗakin gwaji. A ƙarƙashin mayafi hannunta ya riga ya zuge zif, tana tunanin da wanne za ta fara, na dama ya fi so.

Da ta shiga ɗakin ta ga an ja labule a kewaye da gado ɗaya. Ta ga Inna zaune a ƙasa, ta jingina da bango, carbi a yashe kusa da ita. Ta ga Mai Faci a tsaye, kwanon abinci har yanzu a hannunsa. Daga bayan labulen ana jin muryar Likita tana ba da umarni gajeru, ana jin ƙarar ƙarfe a tire. Sauran iyaye duk sun juya wa wurin baya, kowa ta rungume nata. Tela ta tsaya inda take. Ba ta san tsawon lokacin ba. Muryoyin suka yi ta raguwa har suka ɗauke.

Likita ta fito ta yi magana da Mai Faci. Tela ta ga bakinta yana motsi, ta ji kalmar jini, ta ji kalmar haƙuri. Ta ga kwanon ya karkata, miya tana zuba a takalminsa bai sani ba. Inna ta fara salati da ƙarfi. Tela ta raɓa ta gefensu ta ɗaga labulen ta shiga.

Sista ce kaɗai a ciki, tana ɓare filastar ƙafarsa a hankali kamar zai ji zafi. Ta zare allurar, ta danna auduga a wurin, sannan ta tuna ta saki. An goge masa baki. Fuskarsa ta kwanta, kumatun suna nan yadda suke.

"Maman yaro, sai haƙuri."

"An ce in ba shi," in ji Tela.

Sista ta matsa gefe. Tela ta zauna a bakin gadon, ta ɗauko shi, ta tallafe kansa a gwiwar hannu, tana kula da ƙafar duk da babu sauran abin kula. Jikinsa da sauran ɗumi. Ta ɗage riga ta kai masa na dama, ta taɓa leɓensa da shi yadda take yi in yana cikin barci. Nonon ya zubo da kansa, ya taru a gefen bakinsa, ya gangara wuya.

Wani ma'aikaci ya ƙaraso da farin zane a hannu, ya kama labulen zai buɗe. Sista ta riƙe daga ciki.

"Dakata," ta ce masa. "Tana shayarwa."